Baturiya Mai Farantin Shayi

Baba ya daɗe yana haska fim a wani gidan silima kusa da unguwar Nima. Wata la'asar, ina ƙarama, muna zaune a ƙofar ɗakinmu a unguwar Maamobi, ya ciro guntun tsohon fim daga gwangwanin madara. Wani wari mai tsami ya taso. Ya ɗaga shi saitin rana.

"Zo ki gani."

Wata Baturiya ce riƙe da faranti.

"Wace ce, Baba?"

"'Yar Amirka ce, tun zamanin da fim ba ya magana. Ba ta yi suna ba. Kullum 'yar aiki take fitowa, ta ajiye shayi ta fita."

"To me ya sa ka adana ta?"

Ya matso da fim ɗin kusa da idona.

"Dubi yadda ta karkatar da kai. Haka mamanki take yi in tana sauraro."

Mama ta rasu ina goye, ba ta bar hoto ba. Na yi ta kallo har idona ya kawo ruwa.

Yau Baba ma babu shi. Da na sani, da na ce ya ƙara ba ni labarinta. Ba Baturiyar ba.