Jan Rubutun da Tanimu Ya Toshe wa Baki

Ɗan'uwa, tunda ka zo koyon wannan sana'a, janye hannunka daga kwamfutar tukuna, kada ka rufe saƙon kuskuren nan da ya fito maka. Bari in ba ka misalin wani mutum.

Tanimu ma'aikacin ɗakin kati ne a wani ƙaramin asibiti. Shekara goma sha ɗaya yana fama da katunan marasa lafiya, wasu gara ta ci, wasu ruwan damina ya jiƙa. Da girmansa, furfura ta fara leƙo masa, ya shiga koyon rubuta manhaja, kuma abin farko da ya haɗa shi ne manhajar da za ta riƙe bayanan marasa lafiya a kwamfutar asibitin. Da Hausa ya yi ta, har ya shirya yadda ma'aikata za su riƙa buga haruffa masu ƙugiya, irin su ƙa da ɗa da ɓa. Ya gwada ta da sunansa, ta adana. Ya gwada da sunan matarsa, Asabe, ta adana. Likita ya sa masa albarka, aka kwashe katuna aka zuba a kwali.

Ba a yi kwana uku ba manhaja ta fara tsiya. Wani lokaci ta karɓi bayani lafiya lau, wani lokaci kuma ana danna maɓallin adanawa sai wani dogon jan rubutu na Turanci ya cika allo, ta rufe kanta. Nas-nas suka fara gunaguni, masu jiran layi suna tsaki. Duk sanda aka kira Tanimu, sai dai ya sake buɗe manhajar ya wuce. Bai taɓa tsayawa ya karanta jan rubutun nan ba, don ganinsa kaɗai yana sa shi jin kamar ana yi masa tsirara a kasuwa. Bai kuma tambayi kowa me ake rubutawa a daidai lokacin da take mutuwa ba. Sai ya samo wata dabara: layi uku ya ƙara, waɗanda ke umartar manhajar da cewa kowane irin kuskure ya taso ta haɗiye shi, ta yi shiru, ta nuna “An adana.” Daga ranar jan rubutu bai sake fitowa ba. Har shinkafa da wake wata nas ta saya masa don murna.

A cikin watan ne aka kawo Ladidi mai tuwo, uwar 'ya'ya huɗu, da ciwon ƙirji. Nas Lantana ta yi mata allurar penisilin, nan take fuskarta ta kumbura, numfashi ya nemi gagararta, da ƙyar aka ceto ta. Lantana ta zauna gaban kwamfuta ta rubuta a gurbin gargaɗi: “Kada a ƙara yi mata penisilin, tana sa ta ƙaiƙayi da kumburi da sarƙewar numfashi.” Ta danna, allo ya ce an adana, ta tashi hankalinta kwance.

Bayan wata biyar, ranar wata Talata da hantsi, maƙwabta suka sake kawo Ladidi, zazzaɓi ya kwantar da ita har ba ta gane mutane. Lantana ba ta bakin aiki, mijin Ladidi kuma yana can kasuwar ƙauye. Wanda ke aiki ranar ya buɗe bayananta, ya ga gurbin gargaɗi fari fat. Ya yi mata allurar penisilin. Kafin a kira sallar la'asar an lulluɓe ta da zaninta.

Da aka zauna bincike, Lantana ta rantse da Allah ta rubuta. Likita ya juya mata allon ya ce, “To ina yake?” Sai ta fashe da kuka. Aka dakatar da ita daga aiki, gari kuma ya ɗauka cewa sakacinta ne ya kashe mai tuwo. Tanimu yana tsaye a bakin ƙofa duk aka yi wannan. Da aka watse ya koma ɗakin kati, ya cire layukan nan uku, ya buga kalmomin da ya ji Lantana tana maimaitawa. Jan rubutu ya fito. Wannan karon ya sa yatsa a allo ya bi shi kalma bayan kalma. Saƙon ya faɗi layin da matsalar take, ya kuma faɗi matsalar: wurin ajiyar bai san harafin ƙa ba, ba zai iya rubuta shi ba. Duk bayanin da ke da harafi mai ƙugiya, tun ranar da ya toshe wa manhajar baki, zubar da shi take yi. Sunansa da na matarsa ba su da ko ɗaya, shi ya sa gwajinsa ya wuce. Gyaran kuwa kalma ɗaya ce a layi ɗaya. Kafin shayin da ke gabansa ya huce ya gama.

Sannan ya tashi ya sami likita ya ce, “Ranka ya daɗe, Lantana ta rubuta. Ni ne na hana a ji.” Aka mayar da ita bakin aiki, shi kuma ya ajiye nasa. Aka sauko da kwalin katuna, aka yi makonni ana bin marasa lafiya gida gida ana sake tambayarsu abin da manhaja ta zubar. Ranar sadakar arba'in Tanimu ya je ƙofar gidan Ladidi, ya tarar da babbar 'yarta ce ke tuƙa tuwon sayarwa, ƙaramar tana goye a bayanta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.