Kujerar Manajan Kamfanin Katifa

Katifa ta sha huɗu ke nan da aka dawo da ita a wannan makon, kuma Manaja ko kallonta bai yi ba. Hankalinsa na kan takardar da ke hannunsa. Wani da bai sa suna ba ya rubuta wa ƙananan masu hannun jari cewa su taru ran Asabar su sauke shi.

Kamfanin na Babansu ne, shi ya kafa shi da injin yanka soso guda ɗaya. Da abu ya bunƙasa sai ya sayar wa dillalai da tsofaffin ma'aikata fiye da rabin hannun jarin, ya damƙa wa babban ɗansa kujera. Shi kuma gogan naka ya koma sayen soso mai araha. Katifa ta fara lotsewa cikin wata uku, dillalai suka fara shan zagi a shagunansu.

Abin da ya fi ci masa rai, takardar ta san komai, har sunan mai kawo soson. Lallai ɗan gida ne. Ya tare ƙaninsa mai kula da sito, ya wanke shi tas a gaban leburori. Ƙanin ya rantse har da hawaye, amma Manaja ya karɓe makullan.

Ya je wa Baba da ƙorafi sau biyu bai same shi ba. Tsohon da ƙafa ta hana shi zuwa ko ƙofar gida, kwanan nan wai kullum yana asibiti. Da ya same shi a karo na uku, sai Baba ya sunkuyar da kai.

"Ƙuri'ata taka ce," ya ce.

Ran Asabar zauren ya cika maƙil. Mutanen da shekara goma ba su leƙo taro ba, ga su nan a jere kan benci. Da aka zo ƙuri'a, Baba ya ɗaga hannu yana goyon bayan Manaja. Ƙanin ma ya ɗaga. Sauran kuwa ko mutum ɗaya bai motsa ba, kuma da haka kujera ta tafi.

Kunya ta kama Manaja, amma tausayin tsohon ya fi yawa, mutanen da Baban ya rufa wa asiri sun watsa masa ƙasa a ido. A bakin ƙofa ya tare wata dillaliya da ta goya shi yana yaro.

"Inna, har da ke? Ko Baba ba za ki duba ba?"

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Shi na duba, ɗan nan. Sau uku yana jan ƙafa zuwa gidana yana roƙona in zo mu sauke ka, ya ce shi dai ba zai iya kallon idonka ya kore ka ba."