Jitar da Aka Yi wa Kwalliya

Na ga ka sauko da jitar babanku daga jikin ƙusa, Sahabi, kuma ƙanwarka ta ce mini wurin kafinta za ka kai ta, a goge ta a yi mata fenti kafin sadakar arba'in, don kada baƙi su gan ta haka. Ba zan hana ka ba, taka ce yanzu. Amma ajiye ta tukuna ka zauna. Ni ban yi nisa a makaranta ba, ban kuma taɓa kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba, sai dai na yi zaman aure da makaɗi, babanku, har ƙasa ta rufe masa ido. Akwai abin da na gani ina amarya, wanda har yau in na tuna sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska.

A garinmu an yi wani tsohon makaɗin jita, shi ne ya koya wa babanku. Jitarsa ba ta da kyan gani ko kaɗan. Fentinta ya ɓare, zufa ta mai da wuyanta baƙi, inda damtsensa ke kwanciya katakon ya koɗe ya yi fari. A bayan wuyan kuwa, babban yatsansa ya yi ta cin katako a hankali har ya bar 'yan ramuka, kowanne daidai inda hannu ke tsayawa. Ya sassauko da tsirkiyoyin har suka kwanta dab da katako, da an taɓa su kaɗan sai su amsa. An sha ba shi sababbi masu sheƙi, yakan karɓa ya yi godiya, ya raba wa masu koyo. Cewa yake jita mai daɗi ita ce wadda za ka manta tana hannunka. Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa gani, amma kiɗansa bai ragu ba, don ba da ido yake neman wuri ba. Babban yatsa na faɗawa raminsa, sauran yatsu sun san gida.

Tsohon yana da ƙane ɗan kasuwa, mai son yayansa ƙwarai. Ya tashi aurar da 'yarsa ga mutanen birni, ya roƙi yayan ya yi kiɗa ranar wuni. Da ya dubi jitar sai zuciyarsa ta ƙi, ya ga kamar surukai za su ce sun bar babbansu cikin wulaƙanci. Bai tambayi kowa ba, ya ɗauke ta a ɓoye ya kai wa kafinta. Kafinta ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya cike ramukan da garin katako da gam, ya goge wuyan ya yi sumul, ya shafe ta da jan fenti mai kauri, ya ɗaura sababbin tsirkiyoyi masu tauri da suka tsaya can sama da katako.

Ranar wuni da la'asar, fili ya cika, ina cikin mata a zaune. Aka kamo hannun tsoho aka zaunar da shi, ƙanen ya miƙa masa jitar a gaban jama'a yana murmushi, mata har da guɗa. Tsoho ya shafa wuyanta daga sama har ƙasa, ya sake shafawa, ya ce, "Wannan ta wane ce?"

"Taka ce, Yaya. Kwalliya na yi mata."

Tsoho ya fara kaɗawa. Hannunsa ya zame ya wuce wuri. Ya dawo, ya sake wucewa. Waƙar da yara a garin ke iya rerawa cikin barci ta fito a karkace, kamar kukan ƙofa. 'Yan amshi suka shiga, suka rasa inda za su kama, suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Mai kalangu ya yi ta ƙoƙarin rufa masa asiri har shi ma ya gaji. Wata daga dangin ango ta karkato ta ce wa ta kusa da ita, yadda duk muka ji, "Wai wannan ne ake ta cika mu da labarinsa? Ai da sun bar bawan Allah ya huta." Mu 'yan gari muka sunkuyar da kai, babu mai iya duban wani.

Tsohon ya kwantar da jitar a cinyarsa ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri, hannuna ne ya mutu." Ya ɗora wa kansa laifin, don kada ya kunyata ƙanensa a gaban surukai. Ƙanen yana tsaye cikin babbar rigarsa, ya san gaskiya.

Washegari ƙanen ya koma wa kafinta, aka kankare fentin, aka sa wuƙa aka haƙa ramuka inda ake zaton nan suke da. Ya kawo ta ya durƙusa. Tsoho ya laluba da yatsa, ya daɗe yana lalube, ya ce, "Ramuka ne kam, amma ba nawa ba ne." Abin da yatsa ya yi rabin rayuwa yana sassaƙawa, wuƙa ba ta yin sa a wuni guda, shi kuma ba shi da sauran shekarun da zai sake. Bai ƙara kiɗa a taro ba har ya rasu, mutanen birni kuwa suka koma gida da labarin wani tsoho da bai iya komai ba. Ƙanen, in ya ji ana kiɗan jita a wani layi, sai ya sake hanya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.