Kwalin da Ya Ƙi Fita

"Ki dawo mako mai zuwa."

Ko ɗaga kai matar kwastan ba ta yi ba, ta turo 'yar takardar ta ƙasan gilashi ta kira mai bi. Nas ɗin da ta zo karɓar kwalinta ta tsaya tana kallon saman kan matar, zuciyarta na tafasa. A duniya ba ta taɓa tsanar wani mahaluki kamar wannan matar ba.

Kwali ɗaya ne tal, bai kai tiren shayi faɗi ba. Yayarta ce ta aiko shi daga gida, a ciki akwai takardun shaidar karatunta na asali. Shekaru Nas ta yi a nan ƙasar waje tana zaman gida, ita da ta saba kwana a kan marasa lafiya, sai bana wani asibiti a wani gari ya ɗauke ta. Sharaɗinsu ɗaya, su ga takardun da idonsu kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ba wata. Ga wata ya kusa mutuwa, kwali kuma na kwance a bayan gilashi.

Ta fito ta faɗa mota ta buga ƙofa. Mijinta na zaune a inda ya saba jiranta, can ƙarshen layin motoci.

"Sun sake hanawa?" Ya daki sitiyari. "Azzalumai! Wallahi Maman yara, shi ya sa ba na shiga. Ranar da na shiga ofishin nan sai an kira 'yan sanda."

Ita ce ma ta koma ba shi haƙuri. Bawan Allah, tun ranar farko ya karɓi lambar kwalin ya sa a wayarsa, ya ce shi zai riƙa bibiya. In ta dawo tana kuka ya ɗora mata shayi, ya ce ta kwantar da hankali, aiki ai ba ya ƙarewa a duniya, ga yara ma sun saba da makarantarsu a nan.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wasa da hankali. Da farko 'yan kwastan suka ce za su buɗe kwalin su duba. Suka duba, suka naɗe shi da jan tef, suka ce ta zo gobe. Ta dawo gida da rawar jiki ta faɗa wa mai gida, har ta fara haɗa akwati. Washegari ta je, wai an mayar da shi ɗakin bincike. Haka aka yi ta yi: a ce gobe, ta yi murna, gobe ta zo a ce an sake riƙewa. Takardu ne fa, ba hodar iblis ba!

Ranar da asibitin suka bugo waya karo na ƙarshe, mijin ya ce yana da aiki, kada ta wahalar da kanta, su je tare jibi. Ta ce to. Yana fita ta zari mayafi ta hau bas.

Ba ta bi layi ba. Ta ture wani mai kwalin takalma ta manna fuska a gilashin.

"Yau ko ni ko ke. Me na tare miki? Kin san ni a wani wuri ne?"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Muguwa kawai, marar imani. Kina zaune a kan rayuwar mutane kina cin cingam. In na rasa aikin nan, Allah ya isa tsakanina da ke!"

Sai yau matar ta ɗago. Idanunta jajur, na wadda ta gaji da duniya.

"Ke, kada ki zage ni a bakin aikina. Kin ɗauka daɗi nake ji? Na buɗe kwalin nan har na haddace makin da kika ci a jarrabawa. Duk sanda na sa hannu a sake shi, sai a kawo rahoto cewa takardun jabu ne. In an kawo rahoto kuwa dole a koma farko, ba ni na kafa dokar ba."

"Wane maƙiyin Allah ne yake kawowa?"

"Ba ma faɗa."

"To ni ma ba na tafiya."

Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa gefen tagar, a bayan tulin kwalayen da ke jiran a kwashe, ta harɗe hannu. Mai gadi ya zo ya yi magana ta watsa masa harara, ya koma. Tana zaune tana lissafin maƙiya: matar maƙwabci da ta ce ita ma nas ce, ƙanwar miji mai baƙin ciki, har wata tsohuwar ƙawa da suka rabu ba daɗi. Ta rantse ko wace ce, sai ta yi da-na-sanin zuwa duniya.

Layi ya ja, ya ragu. Matar kwastan ta manta da ita, ta ci gaba da buga hatimi.

Can wani ya matso tagar. Nas ba ta ganin fuskarsa, sai takalmansa, baƙaƙe, waɗanda ta goge da hannunta yau da safe. Ya gaishe da matar cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa.

Matar kwastan ta ja tsaki, ta jefar da biro.

"Kai ne kuma? Malam, don girman Allah, rahoto na nawa ke nan za ka kawo a kan kwalin baiwar Allahn nan?"