Awon da Ya Ishi Mai Wanki Bai Ishi Mahauci Ba

Tunda ka ce muddin injin awo bai yi kuka ba babu matsala, zauna in ba ka misali, abokin aiki.

A wani asibiti akwai wata ma'aikaciya mai sa marasa lafiya barci kafin tiyata, ita ce kuma ke tsare da awon jininsu har a ɗinke. Wata rana da safe aka shigo da wani mai wanki, siriri, lafiyarsa ƙalau in ban da ƙabar da ta kawo shi. Ana cikin aiki awonsa ya sauka zuwa ɗari. Ta duba ta ƙyale shi, don ko yana tsaye yana bugun kaya bai fi haka da wani abin kirki ba. Ya farka garau, har yana tambayar koko.

Bayan azahar aka kawo wani dattijon mahauci da hawan jini ya shekara ashirin a jikinsa. Tun ana gobe aikin ta je gadonsa ta auna shi sau uku, ba ta taɓa samun ƙasa da ɗari da sittin ba. Da aiki ya yi nisa sai awon ya gangaro ɗari, daidai na mai wanki. Injin ya yi gum, don shi lamba ya sani, bai san mahauci ba. Likita ya ɗaga ido ya ce, "Ai lafiya lau, Sista." Ta ce, "Lafiyar wani dai, likita. Ɗan dakata mini." Jijiyoyin tsohon sun saba da jini mai ƙarfi. In aka bar shi haka ya jima, yana iya farkawa da shanyewar ɓarin jiki, mutumin da hannunsa ke ci da gida guda. Ta ƙara gudun ruwan da ake sa masa ta jijiya, ta rage maganin barci, ta yi masa allurar ɗaga jini, yatsunta a kan wuyan hannunsa. Sai da awon ya hau ɗari da talatin ta ce a ci gaba. Wallahi irin wannan taurin kai yana burge ni. Bayan wata biyu dattijon na rumfarsa yana sarar ƙashi da hannunsa.

To, kafin ka amince da lamba, san mai ita. Hausawa sun riga sun faɗa: abincin wani, gubar wani.