Gado na Tara

Na zuƙi maganin a allura. Mutumin da ke kwance da karyayyen ƙugu shi ne shugaban hukumar asibitocinmu.

Shekara huɗu ke nan da na kai masa kukan rufin ɗakin nan, bayan yoyo ya jiƙa Babana a gado na tara har sanyi ya yi ajalinsa. Ya ce, "Likita, in ƙasar ba ta yi miki ba, ga hanya nan." Abokan aikina sun bi hanyar, sun bar ƙasar. Ni na zauna, don ƙasar tawa ce.

Ya gane ni. Idonsa na kan allurar.

"'Yata, ki rufa mini asiri. Gobe jirgi zai fitar da ni waje."

"Ƙugun nan ba zai hau jirgi ba sai bayan wata uku, ranka ya daɗe."

Na tsira masa allurar. Maganin zogi ne, mai kyau. Ya sauke ajiyar zuciya.

Sai aka yi tsawa. Ɗigon farko ya sauka a goshinsa. Na miƙa masa bokiti.

"Za ka warke sumul. Amma a nan, gado na tara, kuma yau damina ta faɗi."