Hannun Gwanjo

Tun da gwamnati ta fara dasa wa mutane sana'a a hannu, ƙungiyar agajin unguwarsu Talle ba ta iya sayen sabuwa, sai gwanjo, ta tsofaffin da suka ajiye aiki. Talle ya samu hannun wani tela mai sanyin jiki, masu kawo ɗinki duk suka gudu. Abokinsa Bashari kuwa ya dace da na gwanin aski, layi har titi.

Talle ya leƙa shagon Bashari, ransa na suya. "Mutumina, kai ka more!"

"Wace mora?" in ji Bashari, idanunsa jajir. "Hannun nan ba ya tsayawa. Jiya ina gyangyaɗi ya kwashe wa surukina gemu."

Talle ya harari nasa hannun, ya ja tsaki. "Ka ji ko? Na wasu ko suna barci nema yake!"